Kafin Mu Gwada Zuma Da Ashana, Mu Tambayi Garinta Da Mazubinta

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka sam mini fili in yi magana a kan zuma, wadda da wuya ka shiga gidan Bahaushe ka rasa 'yar kwalbarta a bayan ƙofa ko a ƙarƙashin gado, amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya rantsewa a kan abin da ke cikin kwalbar. Ba ni da zumar sayarwa, kuma babu wanda ya aiko ni. Tsohon malamin firamare ne ni, na tashi a gidan da ake ɗora amya, aiki ya kawo ni birni, har na wayi gari ina sayen abin da a da nake lasa kyauta a gindin ɗorawa.

A daminar da ta wuce, muna dawowa daga ta'aziyya, direba ya tsaya a wani gari na bakin titi domin a yi sallar La'asar, sai masu talla suka yanyame motar. A cikinsu akwai wani mai zuma da ya jera gorunan ruwa na roba a kan tebur, rana tana dukansu. Kafin in buɗe baki ya ciro ashana, ya tsoma kanta a wani ɗan kofi da ya ajiye a gefe, ya ƙyasta, ta kama. Ya ɗiga kaɗan a ruwa, ta nutse ba ta watse ba. Ya nuna mini gawar ƙudan zuma da ɓarɓashin saƙa suna yawo a wuyan gora, ya ce ga shaidarsa nan. Na sayi gora biyu. Ba a yi mako uku ba ɗaya ta kumbura, da uwargida ta murɗa murfin sai kumfa ta yi tsiri, warin tsami ya cika ɗaki. Ɗayar kuwa ba ta motsa ba, sai dai ba ta da ƙanshin komai in ban da na sukarin da ya ƙone a gindin tukunya, kuma duk wanda ya lasa sai ya ce mazarƙwaila yake ji. A fahimtata, ta farko zuma ce ta gaskiya da aka ɗebe ta ba ta nuna ba, ko aka zuba ta a gorar da ba ta bushe ba. Ta biyu kuwa, in har ƙudan zuma ya taɓa ganinta, to daga nesa ne.

Kuɗin da na yi asara bai kai a rubuta wa jarida wasiƙa a kansa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mu masu saye mun ɗora amanarmu a kan wasu gwaje-gwaje waɗanda mai algus ya fi mu sanin sirrinsu. Gwajin ashana, da gwajin ɗigawa a ruwa, da na ɗigawa a rairayi a ga ko za ta dunƙule, da na shafawa a takarda a ga ko za ta jiƙa bayanta, duk abu ɗaya suke aunawa, wato yawan ruwan da ke cikin abin da aka gwada. Sukarin da aka dafa ya yi kauri sosai zai ci waɗannan jarrabawa gaba ɗaya, yayin da zumar gaskiya da aka ɗeba a lokacin danshi tana iya faɗuwa. Maganar da ake yi cewa kiyashi da tururuwa ba sa kusantar zuma ta ainihi kuwa, duk wanda ya taɓa ɗora amya zai yi mata dariya, domin tururuwa tana cikin manyan abokan gābar mai kiwon zuma, har takan kori ƙudajen daga gidansu. Gawar ƙudan zuma a wuyan kwalba ba ta tabbatar da komai sai cewa wani ya tsinci matacce ya jefa a ciki, ko kuma ba a tace zumar da kyau ba.

Ya kamata mu fahimci yadda zuma take nuna, domin a nan rabin matsalar take. Ruwan furen da ƙudan zuma yake kwasowa tsinkakke ne, ruwa ya fi yawa a cikinsa. Ƙudajen sukan zuba shi a ramukan saƙa, su yi ta fifita shi da fukafukansu dare da rana har ruwan ya ragu ƙwarai, sa'an nan su toshe bakin kowane rami da kaki. Wannan toshiyar ita ce hatimin da ke nuna zuma ta nuna. Hukumar Codex Alimentarius, wadda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa domin tsara ƙa'idojin abinci, ta ajiye cewa ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100, kuma irin sukarin nan na rake kada ya wuce kashi 5 cikin 100 a yawancin nau'o'inta. Da zarar ruwa ya haura wannan iyaka, ƙwayoyin yisti da ke cikinta sai su farka su soma aiki, ta yi tsami, ta yi kumfa, ta kumbura gora kamar tawa. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai wata 'yar na'ura da ake kira rifaraktomita, ba ta fi ƙaramar tocila girma ba, wadda ake ɗiga mata zuma a leƙa a karanta yawan ruwan nan take. A ganina duk ƙungiyar masu sarin zuma ya kamata ta mallaki ko da guda ɗaya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ciyawa yake saƙa amyarsa, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya ɗora a reshen ɗorawa ko kaɗanya. Da dare ake ɗiba, a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, da damin ciyawa mai hayaƙi a hannu, kuma babu wanda ke saukowa bai sha harbi ba. Abin da nake tunawa da shi musamman shi ne zaman da yake yi da asuba a kan tabarma, ƙwarya uku a gabansa, yana rarraba saƙa. Farar saƙa wadda aka toshe bakinta tana da ƙwaryarta, ita ce ta baƙi da marasa lafiya. Baƙar saƙa, wato tsohuwa wadda aka yi renon 'ya'ya a cikinta, tana da tata. Wadda ke da 'ya'ya da garin fure kuwa mu yara ake ba mu tsotse a ranar, domin ba ta ajiyuwa. Ba ya ɗora zuma a wuta, sai dai ya farfasa saƙar a kan rariya ya rufe, ya bar ta ta tsiyaye da kanta. Yanzu da yawa daga masu ɗiba sukan haɗa komai wuri ɗaya su matse da hannu, ko su zuba a tukunya su hura wuta domin kaki ya narke ya taso, wanda shi ya sa zumar take yin baƙi da ɗanɗanon ƙauri. Babu sukari a cikinta, amma an riga an ɓata ta tun a gindin bishiya.

Sai maganar mazubi, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan ba na jin ana tayar da ita. Muna tsayawa mu yi ciniki rabin sa'a a kan ko zuma ta gaskiya ce, amma ba ma tambayar inda gorar ta fito. Ni da kai mun san inda take fitowa. Yara ne suke tsinto ta a wuraren biki, da tashoshin mota, da bakin kwata, da bola, su sayar da ita a ƙirge. Wani ya sa baki ya sha ruwa da ita, wani ya ajiye kananzir, wani ya jiƙa magani. Irin wannan roba ba ta jure ruwan zafi, tana lanƙwashewa, don haka abin da ake yi mata bai wuce a ɗauraye ta da ruwan sanyi a girgiza ba, kuma saboda ƙanƙantar bakinta hannu ba ya shiga, iska ma ba ta busar da ita da wuri. Ɗigon ruwan da ya rage a gindinta ya isa ya tayar da tsami. Daga nan a jera ta a bakin titi tun hantsi har faɗuwar rana, yau da gobe, wata da watanni, zafi yana dafa zumar a hankali, yana kashe ƙanshinta da sinadaran da ake nemanta dominsu.

Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne jarkar da ake ɗauko zumar daga ƙauye. Na taɓa ganin zuma a jarkar da har yanzu tambarin maganin feshi yana jikinta, na kuma sha jin ƙorafin waɗanda suka ji warin fetur a shayinsu. Roba tana shan abin da aka zuba mata, ta riƙe shi, kuma omo da ruwan zafi ba sa fitar da shi gaba ɗaya. Ita kuwa zuma tana da saurin ɗaukar wari, tana kuma jawo danshi daga iska in an bar ta a buɗe. Bokitin ƙarfe da gwangwani ma ba su dace ba, domin zuma tana da ɗan tsami a halittarta wanda zaƙi ya lulluɓe, shi ya sa take cin ƙarfe ta yi baƙi. Iyayenmu da suke zuba ta a tulun ƙasa sabo, ko tandu, ko gora ta duma, su liƙe baki su ajiye a lungun ɗaki mai sanyi, sun fi mu kiyaye ta, ko da yake ba su taɓa jin sunan Codex ba.

In ana son zaɓina, kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfi mai murɗawa ita ce gaba. Ba ta riƙe wari, ana iya dafa ta a ruwa a shanya ta ta bushe ƙarau, ana ganin abin da ke ciki har gindi, kuma cokali yana shiga. Na san tana da nauyi, tana fashewa a hanyoyinmu masu ramuka, tana kuma ƙara wa kaya tsada, don haka ba na cewa mai amya a ƙauye ya yi dakon gilashi zuwa birni. Farin bokitin roba sabo mai murfi, irin wanda aka yi domin abinci, wanda ba a taɓa zuba masa komai ba sai zuma, ya wadatar wajen dako. Sabuwar gorar roba mai hatimi a murfi ita ma babu laifi ga wanda zai shanye cikin 'yan watanni. Ina kuma roƙon masu ƙullawa su tuna da talaka, su yi ƙananan mazubai, domin mai neman cokali biyar saboda tarin ɗansa ba shi da kuɗin lita, kuma shi ne ake tsiyaya wa a ƙullin leda daga kwanon da ƙuda da ƙura suka yini a kansa.

Faɗin bakin kwalba yana da wani dalili da ya shafi wata babbar rashin fahimta a tsakaninmu. Idan hunturu ya shigo, zuma takan daskare, ta yi tsaki-tsaki ko ta yi fari kamar man shanu, sai mai gida ya fusata ya ce an sayar masa da sukari, har ya zubar ko ya koma ya yi rigima. Alhali daskarewa ɗabi'ar zuma ce, wani nau'in sukarin da ke cikinta tun daga fure ne yake haɗuwa ya yi ƙwaya idan sanyi ya taɓa shi, kuma saurin hakan ya danganta da furen da ƙudajen suka yi kiwo a kai. Wannan zargi namu ya koya wa masu sayarwa mummunar ɗabi'a, wato su tafasa zuma domin ta daɗe a narke ta yi ƙyalli, tun da abin da idonmu ke so ke nan. Muna yi wa rogo kallon kitse, muna kuma guje wa kitsen. Wadda ta daskare, a tsoma kwalbarta a ruwa mai ɗumi, irin wanda hannu zai iya jurewa, a bar ta ta saki a hankali, ko a ɗebe ta da cokali a sha a haka. Firji kuwa ba wurinta ba ne, shi ne ma yake gaggauta daskarewar.

A maƙwabciyarmu Kamaru, a yankin Arewa maso Yamma, akwai garin Oku da ke gefen dajin Kilum-Ijim, inda ake samun wata zuma fara mai kauri kamar kindirmo. Da a tasharmu aka kawo ta, da yawanmu za mu ce gari aka dama. A 2013 ƙungiyar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka da dama, ta yi wa wannan zuma rajista da sunan garinta, ta yadda babu mai ikon kiran tasa farar zumar Oku sai wanda ya samo ta a can bisa ƙa'idojin da aka shimfiɗa. Sunan gari ya zama jari, ya kuma zama abin da mutanen garin za su tsare, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mu ma muna da wuraren da aka san su da zuma. Akwai ta tsaunin Mambila a jihar Taraba, akwai ta kudancin Kaduna wajen Kachiya, akwai ta dazuzzukan Bauci da ta kewayen Falgore, ban da wadda fatake suke shigowa da ita daga yankin Ngaundare na Kamaru. Amma da zarar ta iso birni sai a juye ta wuri ɗaya, kowace gora a ce ta Mambila ce, kamar yadda kowane mai talla yake cewa tasa farar saƙa ce.

Ɗanɗanon zuma da launinta daga bishiya suke. Ta lokacin furen kaɗanya daban, ta ɗorawa daban, ta mangwaro daban, wadda kuma ƙudajen suka yi kiwo a darbejiya takan zo da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, ba don an zuba mata wani abu ba. Saboda haka baƙi ko fari ba shi ne ma'aunin kyau ba. Abin da ke ba ni mamaki, har ya ba ni haushi, shi ne yadda alhazanmu suke dawowa daga Saudiyya da 'yar ƙaramar kwalbar zumar Sidir ta Yaman, wadda aka fi yaba ta kwarin Du'an a Hadramaut, sun biya kuɗi masu yawa, suna lasa da tsinken cokali. Bishiyar da Larabawa suke kira sidir ita ce kurnarmu, 'yar'uwar magarya, wadda ke tsaye a bakin rijiyoyi da maƙabartu da gonakin ƙasar Hausa tun daga Katsina har Damagaram. Mutanen Yaman sun ware zumar bishiya ɗaya, sun ba ta suna, sun tsare sunan. Mu kuwa muna sare kurnar mu yi turmi da gawayi.

Sarar itatuwa ta kawo ni ga wani lissafi da nake so masu karatu su yi da kansu. Ƙirya da marke da kaɗanya suna tafiya a buhunan gawayi. Maganin feshi da ake yi wa wake da auduga da kayan lambu a lokacin fure yana kashe ƙudaje. Dazuzzuka irin na Birnin Gwari da Rugu, inda masu amya suke shiga a da, rashin tsaro ya hana da yawansu leƙawa. A gidanmu, a shekarar da ta yi kyau, amya ɗaya ba ta wuce ta ba mu 'yan kwalabe ba, kuma sau ɗaya ake ɗiba. To, yaya aka yi daji yake raguwa amma gorunan bakin titi suke ƙaruwa, rani da damina ba sa yankewa? Idan aka yi maka tayin zuma a farashin da bai fi na sukari mai nauyinta da wani abin kirki ba, kai ma ka san amsar, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Lita ɗaya ta nunanniyar zuma tana kai kimanin kilo 1.4, wato gorar santilita 75 za ta ɗan haura kilo ɗaya, don haka sikeli yana iya tona asirin wadda aka tsinka da ruwa, ko da yake ba zai kama dafaffen sukari ba.

Kada a ɗauka wannan cuta tamu ce mu kaɗai, ko kuwa duk kwalbar da ta zo daga waje da kyakkyawar takarda ta tsira. A watan Maris na 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan samfuri 320 na zumar da ake shigar musu da ita daga wasu ƙasashe, aka sami 147, wato kashi 46 cikin 100, da ake zargin an haɗa su da ruwan sukari. A ɗakin gwaji an daɗe da iya gane sukarin rake da na masara a cikin zuma, sai masu algus na duniya suka koma amfani da ruwan sukarin da ake yi daga shinkafa da wasu tsirrai, wanda tsohon gwajin ba ya kamawa. Idan masu manyan na'urori suna fama haka, ina ga mai ashana a tasha? Abin lura shi ne matakin da Turawan suka ɗauka a 2024, inda suka sabunta dokarsu ta yadda dole a rubuta a jikin kwalba ƙasashen da zumar ta fito da kason kowace ƙasa. Da duk na'urorinsu, sun dawo kan tambayar da kakanninmu suke yi a kasuwar ƙauye: ta wane gari ce, kuma wa ya ɗebo ta?

Muna girmama zuma saboda Allah ya ambace ta a Suratun Nahli, aya ta 68 da ta 69, ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane, kuma wannan girmamawa ita ce mai algus yake fakewa a bayanta, domin ya san mai jinya ba ya ciniki da yawa. Ina tunatar da masu shagunan magungunan Musulunci, waɗanda da yawansu mutanen kirki ne, cewa hadisin da ya yi hani ga algus ya zo ne a kan tulin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa, kuma wanda ya sari abin da bai san asalinsa ba ya sayar wa mara lafiya da sunan magani yana da nasa kason na alhaki.

Game da amfani da ita, akwai abu ɗaya da nake roƙon iyaye mata da kakanni da ungozomomi su ji da kunnen basira: kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da lasawa ce, ko da ta fi kowace zuma kyau. Likitoci sun tabbatar cewa tana iya ɗauke da irin wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, wadda ke zaune a ƙasa da ƙura. Hanjin babba yana hana ta tsiro, na jariri kuwa bai yi wannan ƙwari ba, sai ta tsiro ta fitar da guba mai kashe jiki, yaro ya kasa tsotso, kukansa ya raunana, wuyansa ya langaɓe, har abin ya kai ga numfashi. Tafasa zumar ba ya kashe wannan iri. Na san a gidaje da yawa ana lasa wa jariri zuma tun ranar haihuwa, ana kuma haɗa ta da rubutu ko jiƙo, kuma na san za a ce an yi wa wane da wane ba abin da ya same su. Cutar ba ta da yawa, gaskiya ne, amma wanda ta faɗa wa ba ya jin daɗin wannan lissafi. Masu ciwon sukari su ma su sani cewa kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, don haka maye gurbin sukari da ita ba tare da shawarar likita ba, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ga sauran jama'a, cokali ɗaya a ruwan ɗumi da lemun tsami yana sauƙaƙa tari da kaikayin maƙogwaro, kuma in za a sa a shayi ko koko, a bari ya ɗan huce, ba don tana zama guba ba kamar yadda wasu suke yaɗawa, sai don kada zafi ya tafi da ƙanshin da aka biya kuɗi dominsa.

Roƙona ga masu amya shi ne su haɗa kansu gari-gari, domin abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, kamar sayen sababbin mazubai, da na'urar auna ruwa, da neman lambar rajistar NAFDAC, mutum talatin za su iya. Su manna takarda a jikin kowace kwalba, da Hausa, da boko da ajami in ya yiwu, mai ɗauke da sunan gari, da watan da aka ɗiba, da bishiyar da take fure a lokacin, da nauyin abin da ke ciki, da lambar wayar da za a kira in an ga ba daidai ba. Ma'aikatun gona na jihohi kuwa, in za su raba amyar zamani irin ta Kenya mai sanduna a sama, wadda ake ɗaga saƙa ɗaya-ɗaya a zaɓi nunanniya a bar mai 'ya'ya, to su haɗa da koyar da tacewa da zubawa, domin sabuwar amya ba ta hana a juye zumarta a jarkar fetur.

Ni dai na sake dabara. Na nemi wani matashi a ƙauyenmu da ya gāji amyoyin mahaifinsa, mun yi magana, kuma tun yanzu na tara kwalabe shida masu faɗin baki, na dafa su na shanya, zan aika masa da su kafin ɗiban bazara, ya cika mini daga farar saƙa, in biya abin da ya yanka ba tare da na nemi ragi ba. Kai kuma, ya Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya sayi zuma a tashoshi da kasuwanni da kantuna goma ko ashirin, ya rubuta inda ya sayi kowace da irin mazubinta da abin da mai sayarwa ya ce game da asalinta, a kai su ɗakin gwaji na wata jami'a, a buga mana sakamakon a wannan shafi.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Zariya, Jihar Kaduna